Rigar da aka ɗinka wa wayoyin kawuna

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Doguwa, kawuna ya sa ni a gaba sai na raka shi Kano ya sayi amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti. Yayan mahaifiyata ne, makaɗin kukuma, kuma irin mutanen nan ne da idan suka ƙudurta abu gara ka bi su ku rabu lafiya. Dalilin da ya sa aka zaɓe ni kuwa, kafin in samu koyarwa na ɗan taɓa bin wani mai hayar kayan sauti, muna ɗaura sifika a wuraren biki da wa'azi. A danginmu wannan kaɗai ya isa a riƙa ce maka injiniya.

Sai na faɗa muku abin da ya sa tsoho yake neman amfilifaya, in ba haka ba za ku ɗauka son burga ne. Asalin garin su mahaifiyata yana ƙarƙashin ruwan Tiga. Da aka yi dam aka kwashe su, wasu suka sauka ƙasar Bebeji, wasu Kiru, wasu Tudun Wada. Ni ban taɓa ganin garin ba. Abin da na sani game da shi a bakin kawu na ji, domin yana da wata waƙa da ke shiga garin ta ƙofar gabas, ta bi shi gida gida, tana faɗin mai gidan da itacen da ke ƙofarsa da rijiyarsa, har ta fita ta yamma. Duk shekara da bazara, idan ruwa ya ja baya har kan wani tudu na tsohon garin ya fito, mutanenmu sukan taru a bakin ruwa a ci abinci a gaisa, sannan kawu ya ɗauki kukuma. Duk gidan da ya ambata, wanda ya rage daga gidan sai ya amsa: "Muna nan." Idan ba wanda ya amsa, kawu yakan ɗan dakata, ya ja izga sau ɗaya, ya wuce gida na gaba.

To a shekarar da ta gabaci tafiyarmu Kano, muryarsa ta riga ta yi rauni, ga iskar bakin ruwa. Na gaba ne kawai suke ji. Mahaifiyata tana can baya cikin mata. A gidansu su biyu suka rage, shi da ita, shi kuma mai waƙa ba ya amsa wa kansa. Ya zo gidansu, ya ambace shi, bai ji komai ba. Ya dakata, ya ja izga, ya wuce. Can daga baya ta taɓa ta kusa da ita ta ce, "An zo gidanmu?" Aka ce mata ai tuni an wuce. Ba su taɓa yin maganar da juna ba, amma tun daga ranar kawu ya fara tambayar mutane yadda ake sa kiɗa a sifika.

A kasuwa muka haɗa masa kaya daidai ƙarfinsa: amfilifaya ta hannu, sifika ɗaya mai ɗan girma, makirfo na murya, da wani ɗan abu kamar maɓallin riga da ake mannawa a jikin ƙwaryar kukuma ya ɗauki sautinta. Wayar makirfo ba ta da matsala, bakinta daban ne, ba ta shiga ko'ina sai wurinta. Sauran biyun ne abin lura. Ɗaya tana tashi daga kukuma zuwa amfilifaya, ɗaya daga amfilifaya zuwa sifika, kuma bakinsu iri ɗaya ne sak, kowacce tana shiga ramin 'yar'uwarta. Amma cikinsu ba ɗaya ba ne. Ta kukuma siririya ce, zaren tagulla ɗaya ne a tsakiya an lulluɓe shi da raga, ragar ce ke tare hayaniyar wuta kada ta shiga sauti. Ta sifika tagulla biyu ce masu kauri ba raga, aikinta ɗaukar ƙarfi. Ka sa ta sifika a kukuma, sai gurnani ya cika wuri. Ka sa ta kukuma a sifika, sai ta ɗauki zafi, in an matsa mata ta narke, wani lokaci ta tafi da amfilifayar.

Duk wannan bayani ku nake yi wa. Shi kawu ban yi masa ba. Na yi masa irin ta malaman firamare, na ba shi hadda: mai kauri ta sifika, siririya ta kukuma. A mota ma sai da na sa ya maimaita.

Ya harare ni ya ce, "Kai malam, ni da nake bambance izgar doki da ta goɗiya da yatsa, waya biyu ce za ta gagare ni?"

Na koma Doguwa ina jin na yi wa dangi aiki.

Labari ya fara zuwa mini ta bakin mahaifiyata a waya. Na farko mai daɗi ne, an yi suna a ƙauyensu, kawu ya yi kiɗa har mutanen ƙauyen da ke maƙwabtaka suka zo kallo. Na biyu kuma wani biki ne a Kiru. Ta ce yana kunnawa abin ya kama gurnani kamar injin markaɗe, ya ƙara murya don ya danne gurnanin, can sai wani ƙauri ya tashi, sauti ya ɗauke ɗif. Samari suka yi ta dariya, wani ya ce baba a ba masu fiyano wuri. Na ce mata janareta ne, a gaya masa ya riƙa nesanta shi da kayan. Bayan nan aka yi wani taro a Tudun Wada, lafiya ƙalau. Aka sake wani, abin ya sake tsiya. Yau daɗi, gobe kunya, ba wanda ya san dalili.

Da farko ya zargi janareta. Daga nan ya zargi mutanen Kiru gaba ɗayansu. Sai ya ɗaura amfilifaya da sifika a bayan babur ya kai wa wani mai gyaran rediyo a Tudun Wada. Mai gyara ya jona da nasa wayoyin, ya kunna, ya ƙure murya, ya ce wannan kaya ko tari ba ya yi. Wannan magana ita ta karya kawu. Ya dawo gida ya ce tunda ƙarfe lafiyarsa lau, to shi ne. Wai kukuma ba ta yafe masa ba da ya sa muryarta a ƙarfe, ba tare da ƙarfen ba kuma tasa muryar ba ta kai ko'ina. Ya rataye ta a ƙusa ya ce ya gama.

Mahaifiyata ba mai yawan roƙo ba ce. Ranar da ta kira ni ta ce, "Ruwa ya fara ja. Yaya ya ce bana a nemi wani ya yi, kuma ka san ba wani. Ka zo ka duba masa abin nan, ko ka zo ka ba shi haƙuri, ɗaya dai." Na ji yadda muryarta take, ban tsaya jan magana ba, ƙarshen mako na kama hanya.

Na same shi da hantsi a zaure yana gyaran koma, shi da ba masunci ba, ta maƙwabci ce ya karɓa don hannunsa ya samu abin yi. Muka gaisa, na tambayi jiki da iyali da zafi. Sai da na sha ruwa sannan na ce ina son ganin kayan. Ya ce ba amfani. Na ce ko don in san abin da zan faɗa wa mahaifiyata. Ya tashi da ƙyar ya fito da su, sannan ya buɗe wata jakar fata ya zaro wayoyin ya shimfiɗa a tabarma.

Wallahi na daɗe ban ga abu mai kyau irinsu ba. An ɗinka wa kowacce riga ta jan fata tun daga wannan baki har wancan, da zanen baƙi da kore yana zagaye ta, ɗinki ƙanana a jere. Kuma kaurinsu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Na ɗaga wannan, na ɗaga waccan, ni kaina injiniyan dangi ban san wacce ce wacce ba.

Na ce, "Kawu, wa ya yi wannan aikin?"

Ya ce, "Wa zai yi in ba mutumina ba?"

Mutumin nasa wani baduku ne, abokinsa tun suna yara, katangar gidajensu ɗaya a tsohon gari. Da aka tashe su ma wuri ɗaya suka sauka. A lokacin idonsa ya kusa tafiya gaba ɗaya, da yatsa yake aiki. A tsarin kawu ba abin da ke taɓa kukumarsa tsirara. Mariƙin izgarsa, jakar ƙaron da yake goga wa izga, maratayin kukumar, duk fatar wannan baduku ce. To ina ga wayar da za ta shiga jikinta.

Na ce, "Amma ai ɗaya siririya ce da muka sayo."

Ya ce, "Ita ce ai. Da ya shafa ya ji ɗaya a ƙoshe ɗaya a rame, ya ce ba za a ga aikinsa haka ba, a ce ya yi son kai. Sai ya naɗe ramammiyar da tsumma har ta kamo 'yar'uwarta."

"To yanzu yaya kake gane ta sifika?"

Ya dube ni kamar na yi tambayar wauta. "Ba kai ka ce mai kauri ta sifika ba? Ai yanzu duk masu kauri ne. Wadda hannuna ya fara kaiwa ita nake sawa."

Dariya ta taso mini har wuya, na haɗiye ta, domin fuskarsa ba ta dariya ba ce. Mutumin nan ya yi watanni yana zaton kukumarsa ta juya masa baya. Na roƙe shi izinin farke ɗinki kaɗan. Ya miƙo mini aska ya ce in bi a hankali. Ta farko da na buɗe tagulla biyu ce, lafiya lau. Ta biyu tun kafin in gama ƙauri ya bugi hancina. Tsumman ya yi baƙi, robar ciki ta narke ta manne da ragar. Duk ranar da ya sa ta a sifika tana dahuwa a cikin rigarta, in ta yi zafi wayoyin ciki su haɗu, amfilifaya ta kashe kanta don ta tsira. Allah ne ya sa mai irin wannan dabarar muka saya.

Tunda a sanyaye take, ta ɗan yi aiki. Muka tayar da janareta, na jona su a karkace, na ce ya ja. Gurnani ya cika zauren. Na musanya su, na ce ya sake ja. Sautin ya fito tas, har wata akuya da ke ƙofar gida ta ɗaga kai. Na sake karkatawa, na sake gyarawa, don ya gani da idonsa. Ina jira ya yi murna, ko ya ce in sake. Sai ya ɗora kukumar a cinya. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne, "Kada mutumina ya ji wannan maganar."

Ban taɓa jin ƙaunar kawu irin ta wannan lokacin ba.

Sai dai maganar ba ta ɓoyuwa. Dole a sayi sabuwar siririya, na kuwa samo ta a Tudun Wada washegari. Kawu ya ce ba za ta taɓa kukumarsa tsirara ba, kuma ba wanda zai yi mata riga sai mai yi. Muka tafi tare, ya ce in bar masa magana. Muka tarar da baduku a rumfarsa yana murza zare. Bayan gaisuwa kawu ya ce ya ƙaro waya ce, yana son a yi mata sutura, amma wannan karon ba ciko.

Baduku ya shafa sabuwar ya ce, "Irin ramammiyar nan ce. Ina wadda na yi maka?"

Kawu ya ce tana gida. Tana cikin jakar da ke rataye a kafaɗarsa.

Baduku ya ce, "Tun shigowarka nake jin ƙaurin fata. Miƙo."

Ba yadda ya iya, ya miƙa. Tsohon ya bi ta da yatsa har ya kai inda na farke, ya tura yatsa ya taɓo tsumman, ya kai hanci. Sannan ya ce, a hankali, "Ashe ni ne. Ana ta cewa ka ajiye kiɗa, ina nan ina zagin mutanen Kiru, ashe ni na ƙona maka."

Kawu ya ce, "Kai gata ka yi mata. Ita ce ba ta iya cin gata ba."

"Bar lallashina, ni ba amarya ba ce." Ya juyo wajen da yake jin numfashina. "Kai ɗan nan, kai ne injiniyan? Zo ka sa mini su a hannu, ka gaya mini abin da kowacce take yi. Shi wannan ba zai iya ba, kansa ƙwarya ce irin ta kukumarsa."

Na durƙusa gabansa na ce to Baba. Na kwance bakin kowacce na ɗora yatsansa a kan tagullar. Na ce wannan mai ragar ba ta ɗaukar kaya, rakiya take yi wa sauti kada hayaniya ta taɓa shi. Wannan mai biyun ita ce 'yar dako. Kaurin da ake magana na tagullar ciki ne, ba na jiki ba. Ya yi ta gyaɗa kai. Kawu ma ya matso yana saurare, sai a lokacin na lura shi ma yau ya fara jin dalilin. Baduku ya tambaye ni ko fata kaɗai ba tsumma za ta cuce su. Na ce in dai kowacce tana wurinta, ba abin da zai same su. Ya ce mu ba shi kwana biyu.

Da muka koma, baduku ya yi wa siririyar riga ta fata mai laushi, ta kama jikinta, tana nan a ramammiyarta. Ya gyara ɗinkin mai kaurin, ya ƙara mata geza a kowane baki, ya bar kawunan a buɗe yadda za a iya kwancewa a duba. Ya ce, "Mai geza ta sifika. Na yi ne yadda ko makaho zai gane, don na ga idonka ma nawa yake bi." Kawu ya ce Allah ya sawwaƙe, shi da saura. Suka yi ta yi wa juna tsiya har muka tashi.

Ranar taro bayan la'asar aka fara. Iska tana kaɗawa kamar kullum, kan tudun ya fito can tsakiyar ruwa, tsuntsaye sun sauka a kai. Na kai janareta nesa bayan wata bishiya, na ɗora sifika a kan wani jirgin ruwa da aka kife, na juya ta tana fuskantar inda mata suke. Na miƙa hannu zan jona wayoyi, kawu ya buge mini hannu. Ya rufe ido, ya laluba cikin jaka, ya zaro mai geza ya sa a sifika, ya sa ɗayar a kukuma. Baduku yana zaune kusa da ƙafarsa, ya ce, "Ka taɓa gezar?" Kawu ya ce ya taɓa.

Ya shiga gari ta ƙofar gabas. Gidan farko aka amsa daga gaba, na biyu daga can gefe. Wani gida ba a amsa ba, ya dakata, ya ja izga, ya wuce. Ni ban iya tsayawa wuri ɗaya ba, ina ta zuwa ina taɓa wayar sifika in ji ko ta yi ɗumi. Sanyi ƙalau. Daga nan na zagaya baya wajen mata don in ji ko sauti yana kaiwa. Yana kaiwa, har da ƙaramin numfashin da yake ja tsakanin baiti da baiti.

Na hango mahaifiyata ta daina magana da kowa tun ana saura gidaje, ta san hanya. Ya wuce masallaci, ya wuce gidan mai tsamiya, ya ambaci gidan dukawa, baduku ya amsa da ƙarfi har makirfo ya ɗauka aka yi dariya. Sannan kawu ya ambaci gidansu, mai rijiya a tsakar gida da kurna a bayan ɗaki, da sunan mahaifinsu. Mahaifiyata ta miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ta yi a cikin taro ba, ta ce, "Muna nan." Muryarta ba ta da ƙarfi, ga iska, na san ba ta kai gaba ba. Sai matan da ke kusa da ita suka ɗauka suka maimaita, na gabansu suka miƙa, har ta isa. Kawu bai dakata ba a wannan shekarar. Ya maimaita baitin sau biyu, abin da ba ya yi wa kowane gida, kuma ba wanda ya yi ƙorafi.

Ya yi wasu shekaru yana yi bayan nan kafin Allah ya karɓi abinsa. Baduku ya riga shi da kaɗan. Kayan suna wurina yanzu, wani jikan maƙwabcinsu da ya koyi waƙar yakan zo ya ara da bazara, kuma ba na ba shi sai na kwance bakin wayoyin na nuna masa cikinsu. Na daina ba mutane hadda ba dalili, ko a aji. Masu kayan kiɗa da ke karanta wannan, don Allah ku yi wa wayoyinku alama, baki ɗaya ba ya nufin aiki ɗaya. Idan kuma kun kai kaya gyara, ku tafi da wayoyinku.

Tsohuwar wayar da ta ƙone ban yar da ita ba, tana cikin jakar da tsummanta. Wani lokaci nakan ɗauko ta in duba ɗinkin, in tuna mutumin da ba ya gani ya zauna yana naɗe ta a hankali don kada a ga ɗaya ta fi ɗaya. Har yau ban iya jin haushinsa ba, ko kaɗan.

A ranar taron wani ya ɗauki waƙar a wayar salula, na karɓa na ajiye. Mahaifiyata ta tsufa sosai yanzu, ba ta iya zuwa bakin ruwa. Idan na je gaishe ta takan ce in kunna mata. Tana kwance take saurare, ba ta cewa komai har a wuce masallaci, a wuce gidan mai tsamiya, a wuce gidan dukawa. Idan Yayanta ya zo gidansu, har yau sai ta amsa masa.